Ni kaɗai a ƙaton gida: yaya zan kwana hankalina kwance?

Tambaya: Wata huɗu ke nan da muka tare a wani ƙaton gida mai bene. Aikin maigidana na tafiye-tafiye ne, yaranmu kuma sun girma suna karatu a nesa, don haka nakan yi kwana biyar ko mako guda ni kaɗai. Da rana lafiya lau. Amma da zarar duhu ya yi sai gabana ya riƙa faɗuwa, motsi kaɗan in zabura. Ina kunna duk fitilun gidan, in zagaya in duba ƙofofi sau uku sau huɗu, wani lokacin ba na runtsawa sai gari ya fara wayewa. Ba a taɓa shigo mana ba, unguwar ma ba ta da fitina. Me zan yi?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya yaye. Masu iya magana sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Da wanda ya fara faɗin wannan ya taɓa kwana shi kaɗai a gida mai ɗakuna shida, ina jin da ya sake shawara. Na daɗe ina aiki da masu fama da fargaba da rashin barci, kuma irin ƙorafinki yana zuwa mini daga maza da mata, manya da yara, har da waɗanda in kin gan su da rana ba za ki ce akwai abin da ke razana su ba. Don haka ki fara cire wa ranki cewa ragwanta ce ko ƙuruciya.

Abubuwa biyu ne suka cakuɗe miki, kuma sai an raba su kafin a ci gaba. Akwai tsaron gida, akwai kwanciyar hankali. Ba tare suke tafiya ba. Wani ƙofarsa ko sakatar kirki babu, amma yana kwanciya sai minshari. Wani yana bayan ƙofofin ƙarfe uku, idonsa biyu har asuba. Tsaron gida aiki ne na hannu, ana yin sa da rana, a gama, a wuce wurin. Kwanciyar hankali kuwa sabo ce, jiki ne ke koyon ta a hankali. Zagayen da kike yi da tsakar dare kina taɓa ƙofofi yunƙuri ne na samun na biyun ta hanyar maimaita na farkon, kuma ba ya yiwuwa. Hasali ma shi ke ƙara hura wutar, zan zo kan dalili.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a jikinki. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da ake kira amigdala, shi ne mai gadin jiki. Idan kunne ya ɗauko wani sauti, saƙon yana isa gare shi ta gajeriyar hanya tun kafin ɓangaren tunani ya gama tantance ko mene ne. Shi kuma ba ya jira. Nan take zai sa a saki sinadarin adiranalin, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya yi sama-sama, tsikar jiki ta tashi, kunne ya ƙara buɗewa. Wani masanin aikin jiki a Jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya bayyana wannan shiri tun wajajen 1915: jiki ne ke ɗaura ɗamarar faɗa ko gudu. Mai gadin nan an halicce shi ne ya gwammace ya yi ihun banza sau ɗari da ya yi shiru sau ɗaya a kan haɗari na gaske. Saboda haka faɗuwar gaba ba hujja ba ce cewa akwai wani a gidan. Hujja ce kawai cewa kunnenki ya ji wani abu.

Akwai wani bincike da nake yawan ba mutane labarinsa. A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun auna ƙwaƙwalwar mutane a darensu na farko a baƙon wuri. Sai suka tarar sashen hagu na ƙwaƙwalwar bai yi nisa a barci kamar na dama ba, kuma ya fi saurin amsa baƙon sauti, kamar an bar shi yana gadi. A dare na biyu bambancin ya gushe. A nawa ganin, irin wannan ne ke samun ki, sai dai ke daren farkon ya ƙi wucewa. Idan maigida yana nan, ƙwaƙwalwarki ta san akwai kunne na biyu a gidan, sai ta sauke gadi. Ya sa ƙafa ya fita, ta ɗauka. Kuma wata huɗu ba wani lokaci ba ne a babban gida. Ina kyautata zaton akwai ɗakunan da har yanzu ba ki taɓa zama a cikinsu na rabin awa ba.

Sai maganar sautuka, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin rabin matsalar a nan take. Gida ba ya shiru. Da rana ma yana ta motsinsa, hayaniyar motoci da mutane ce ke rufe shi. Ƙarfe yana miƙewa in ya sha zafi, ya tsuke in ya huce. Kwanon rufi mai tsawon mita 10, idan zafinsa ya sauka da digiri 30 tsakanin tsakar rana da tsakar dare, yana tsukewa da kimanin milimita 3 da rabi. In na alminiyam ne ya kusa ninka haka. Kaɗan ne a ido, amma kwanon a ɗaure yake da ƙusoshi a jikin katako, ba ya zamewa a hankali. Sai ya riƙe, ya riƙe, sannan ya saki lokaci guda: ƙas! Wannan ne kike ji kamar an jefo dutse ko an taka rufi. Katakon silin da na ƙofofi da matattakalar bene su ma suna kumbura suna motsewa gwargwadon danshin iska. Bututun ruwa yana bugawa idan ruwa ya tsaya masa farat ɗaya, ko idan ruwan zafi ya bi ta cikinsa ya wuce. Firiji yana tashi yana mutuwa da kansa, wani lokacin da ɗan girgiza. Tankin banɗaki mai ɗan yoyo yakan cika kansa da tsakar dare, ki rantse wani ne ya buɗe famfo. Taga guda da aka bari a buɗe a ɗakin sama ta isa ta sa ƙofar ɗakin ƙasa ta riƙa motsi, domin iska tana bin gidan kamar bututu. Ga ɓera a silin, ga mage a kan katanga, ga reshen bishiya yana gogar bango. Ƙari a kan haka, ɗakin da babu kaya a ciki yana amsa-kuwwa, ƙaramin sauti ya zama babba, kuma kunne ya kasa gane daga inda ya fito.

Maganin wannan shi ne ki san muryar gidanki. Idan maigida yana nan, ku ware dare ɗaya ko biyu, ku kashe talabijin, ku zauna ku kasa kunne. Duk sautin da kuka ji ku bi shi har ku gano tushensa, ki rubuta a takarda: wannan firiji ne, wannan kwanon rufi ne wajen ƙarfe goma, wannan ƙofar sito ce. Abin da za a iya gyarawa a gyara, a ɗiga wa maratayin ƙofa mai, a sare reshen, a ɗaure bututun. Sauran kuma sun riga sun samu suna. Sautin da yake da suna ba ya tayar da mai gadin nan kamar wanda ba shi da shi. Na ga mutanen da wannan takarda kaɗai ta dawo musu da barcinsu.

Ido ma yana da tasa yaudarar. A cikin duhu ƙananan ƙwayoyin cikin ido masu ganin launi da ƙananan bayanai suna ajiye aiki, waɗansu su karɓa, waɗanda ba su ganin launi amma suna saurin kama motsi. Waɗannan sun fi yawa a gefen ido, a tsakiyar ido kuwa babu su. Shi ya sa za ki ga kamar wani abu ya gifta ta gefe, ki juyo ki zuba masa ido ya ɓace. Kuma sukan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin su gama sabawa da duhu. Abin da ido bai gani sosai ba ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbinsa, kuma siffar da ta fi saurin zanawa ita ce ta mutum. Rigar da aka rataye a bayan ƙofa ta sha zama ƙato. Ki sauke ta tun da rana.

Yanzu aikin rana. Ki yi shi sau ɗaya, ki yi shi da kyau. Bincike kan fasa gidaje a Ingila da Wales, wanda Farfesa Andromachi Tseloni ta jagoranta, ya nuna haɗuwar abubuwa huɗu marasa ƙyale-ƙyale ita ce ta fi ba da kariya: makullan tagogi, ƙofar waje mai makulli biyu ko sakata mai ƙarfi, fitilar waje da ke kamawa da kanta in ta ji motsi, da fitilar ciki da aka saita ta riƙa kunna kanta. A Amurka kuma, masu bincike daga Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Charlotte sun yi wa fursunoni 422 da aka ɗaure kan fasa gidaje tambayoyi, kimanin kashi 60 cikin 100 suka ce in sun lura akwai ƙararrawar tsaro sukan nemi wani gidan, kuma kasancewar mutane a kusa na daga cikin abin da ya fi korar su. Alƙaluman FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ma sun daɗe suna nuna fasa gidajen zama ya fi yawa da rana a kan dare, lokacin da masu gida suka fita. Wurare sun bambanta, wannan gaskiya ne, kuma inda ake fama da masu shigowa da makami lissafin daban ne. Amma kin ce unguwarku lafiya, kuma ɓarawon da aka fi sani gidan da babu kowa yake nema. Kasancewarki a ciki, wadda kike ɗauka rauni ce, a wurinsa matsala ce.

To, a sa mai gyaran makulli ya zagaya kowace ƙofa da taga, musamman ƙofar baya da ta kicin da tagogin ƙasa, waɗanda aka fi sakaci da su. Da yake ba ku daɗe da tarewa ba, a canza makullan ƙofofin waje, domin ba ku san hannu nawa tsofaffin mabuɗan suka bi ba. Kada a bar tsani jingine a tsakar gida. A rage duhuwar shuke-shuken da ke jikin tagogi. Ƙofar ɗakin kwananki ta zama mai ƙwari, mai sakata ta ciki. Sannan ki kama bakinki a kan tafiyar maigida: ba a Facebook ba, ba a WhatsApp ba, ba ga mai kawo saƙo ko mai gyara ba. Da dare in an ƙwanƙwasa ba ki san da zuwan kowa ba, ki yi magana ta bayan ƙofa, babu wanda kika ci wa bashin buɗewa.

Ga abin da masu tsoron dare ba su cika tunawa ba: wanda yake kwana shi kaɗai, gobara da gurɓatacciyar iska da faɗuwa su ma abin yi wa tanadi ne, kuma tanadinsu ya fi sauƙi. Hanci ba ya gadi idan barci ya yi nisa, warin hayaƙi ba lallai ya tashe ki ba. Na'urar gano hayaƙi ce ke tashin mutum, kuma alƙaluman Amurka sun nuna haɗarin mutuwa a gobarar gida yana raguwa da kamar rabi inda take aiki. A sa ɗaya a kowane hawa da kusa da ɗakin kwana, a danna maɓallin gwajinta duk wata, a canza ta bayan shekara 10. Rufe ƙofar ɗaki kafin a kwanta yana tare hayaƙi da zafi na tsawon mintuna masu daraja. Kuma don Allah, in tagoginku masu ƙarafuna ne, a tabbata akwai aƙalla ɗaya a ɗakin kwana da ake iya buɗewa ta ciki, mabuɗin kuma yana wuri guda da hannunki zai same shi ko a duhu. Mutane sun sha kulle kansu don gudun ɓarawo, wuta ta tashi suka rasa mafita. Garin neman gira kada a rasa ido.

Iskar kabon monoksaid kuwa ba ta da wari, ba ta da launi, tana fitowa daga janareta, gawayi, ko murhun gas da ba ya ci da kyau, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin da muke shaƙa da ninki sama da 200. Janareta a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a gareji ko ƙarƙashin bene ba. Bari in ɗan ratse: a 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya wallafa labarin wani iyali da suka koma wani ƙaton tsohon gida suka fara jin takun sawu da dare, suna jin kamar ana tsaye a kansu, ga ciwon kai ga kasala. Da aka bincika, ashe tukunyar ɗumama gidan ce ke tsiyayar da wannan iska. Aka gyara, baƙin daren suka ɗauke ƙafa. Idan kina tashi da ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya da ke sakin ki in kin fita waje, a duba wannan da gaggawa.

Sai mutum ɗaya. Ba goma ba, ɗaya: maƙwabciya ko 'yar'uwa da ke kusa, wadda ta san ranakun da kike ke kaɗai, tana da mabuɗinki na ajiya, kuma kun yi da ita cewa kowace safiya za ki aika mata saƙo, in ta ji shiru ta neme ki. Wayarki da caji, tocila a gefen gado, lambar gaggawa ta ƙasarku a saman jerin lambobi (112 tana aiki a ƙasashe da yawa, amma ki tabbatar da ta wurinku). Ki riƙa shiga banɗaki da wayar, domin santsin tayil ya fi ɓarawo kusa. Daga nan aikin rana ya ƙare. Abin da ya rage ba na makulli ba ne.

Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Jay Appleton, ya kawo wani ra'ayi a 1975 da nake ganin ya yi daidai da halinki: ɗan Adam ya fi sakewa a wurin da bayansa ke kare, gabansa kuma yana hango abin da ke zuwa. Ƙaton gida kishiyar wannan ne. Ko'ina ƙofa, ko'ina lungu, ƙwaƙwalwa na ƙoƙarin gadin wuraren da ido ba ya kaiwa. Don haka ki mayar da gidan ƙarami. Kafin duhu ya yi, ki rufe duk ɗakunan da ba kya amfani da su, ki murɗa musu mabuɗi in suna da shi. Daga wannan lokacin gidanki ɗakin kwana ne da banɗaki da ƙaramin falo, sauran ba naki ba ne sai da safe. Ki kai ruwan sha da duk abin da za ki buƙata ɗaki tun da wuri, don kada ki riƙa ratsa dogon baranda da tsakar dare. Ki juya gado ko kujerarki yadda bango zai kasance a bayanki, ƙofa a gabanki. Idan babban ɗakin kwanan ya yi miki faɗi, babu laifi ki koma ƙarami a ranakun da kike ke kaɗai.

Kunna duk fitilu kuwa ban goyi baya ba. Taga mai haske a ciki da duhu a waje madubi ce: ke inuwarki kawai kike gani, na waje kuwa yana ganin ki tar. Ki ja labule tun kafin rana ta faɗi, haske mai ƙarfi ya zama a waje, a ciki kuma fitila mai laushi ɗaya ko biyu. Haske mai ƙarfi da dare yana danne sinadarin melatonin da ke kiran barci, ga shi kuma duk daren da kika haske gidan kamar filin wasa kina gaya wa ƙwaƙwalwarki cewa lallai akwai abin da ake jira. Shirun ma a rage masa kaifi: ƙarar fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa tana shanye ƙananan sautukan nan, amma ba ta kai ta rufe ƙarar fasa taga ko na'urar hayaƙi ba. Abin toshe kunne dai ki bar shi.

Yanzu ga dalilin da na ce zagayen duba ƙofofi yana hura wuta. A 2003 wasu masu bincike a ƙasar Holan, Marcel van den Hout da Merel Kindt, sun sa lafiyayyun ɗalibai su riƙa kunna murhun gas na cikin kwamfuta suna kashewa suna dubawa, har sau 20. Daga ƙarshe ba su manta abin da suka yi ba, amma hoton ya dushe a ransu, kuma amincewarsu da tunawarsu ta ragu. Wato yawan dubawa shi ke haifar da kokwanto. Duban farko kina sane kike yin sa. Na huɗu hannu ne kawai ke yi, shi ya sa kina komawa gado sai zuciya ta ce, anya ta kicin fa? Bayan haka, duk lokacin da kika tashi kika duba kika ji sanyi a ranki, ƙwaƙwalwa tana rubuta cewa dubawar ce ta cece ki. Gobe za ta nemi ƙari. Saboda haka zagaye ɗaya tak, a lokaci guda kullum, ta hanya guda. Ki kama kowace ƙofa, ki dube ta, ki faɗa da bakinki, "ƙofar baya a kulle." Kin shiga ɗaki, an rufe wannan babi. Kokwanto zai zo, ki bar shi ya zauna, kada ki tashi. Dare uku ko huɗu na farko akwai wuya, ba zan ɓoye miki ba, daga nan yakan fara sassautawa. Kyamarar tsaro ma haka: abu ne mai amfani, amma wanda yake buɗe ta a waya duk bayan minti goma zagayen nan yake yi a kwance.

To in kika ji sauti da tsakar dare fa? Ki tsaya cak, ki saurara na minti ɗaya. Sautin gida guda-guda ne, ba ya tafiya, ba ya da niyya: ya yi ƙas, ya yi shiru, ko ya maimaita kansa a wuri ɗaya. Sautin mutum yana da ci gaba, yana tashi daga nan ya koma can, akwai murɗa hannun ƙofa, fasa gilashi, jan aljihun tebur, murya. Idan na farkon ne, ki kira sunansa daga takardarki ki juya kwanciya. Idan na biyun ne, ba a fita dubawa. Ki danna sakata, ki kira lambar gaggawa da mutumin nan naki, in akwai hanyar fita da ba za ki haɗu da kowa ba ki bi ta. Babu kayan da ya kai ranki. Wuƙa a ƙarƙashin matashin kai kuma ban taɓa ba kowa shawararta ba: wanda ya farka a firgice cikin duhu ya fi kusa da ya ji wa kansa ko nasa rauni, kuma kwana da ita kullum tunatarwa ce cewa ana cikin yaƙi. Ki zauna da rana ki tsara wannan shiri, har ki gwada shi sau ɗaya. Mutumin da ya san abin da zai yi ba ya kwana yana saƙawa yana kwancewa.

Idan zuciya ta riga ta ɗauka, kada ki tsaya gardama da tunani, ta jiki za ki bi. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, wato kamar numfashi 6 a minti ɗaya, ki yi haka na minti biyar. Dogon fitar da numfashi yana taɓa jijiyar da ke rage gudun zuciya. Sannan ki bi gaɓoɓinki daga yatsun ƙafa zuwa fuska, ki ɗaure kowace na daƙiƙa biyar ki saki; tsohuwar dabara ce da likita Edmund Jacobson ya fito da ita tun shekarun 1920, har yau ana amfani da ita. Firgici, komai tsananinsa, yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya fara sauka da kansa. Idan kin yi kimanin minti 20 a kwance barci ya ƙi, ki tashi ki zauna a kujera da fitila mai laushi ki karanta wani abu mara tayar da hankali, sai kin ji gyangyaɗi ki koma. Gahawa da shayi mai ƙarfi a bar su tun da rana, domin rabin sinadarin da ke cikinsu yana nan a jini bayan awa biyar. Labaran fashi da bidiyon ta'asa a waya kuwa, wanda ya kwanta da su ya gayyato wa kansa baƙi. Zuciya tana auna yawan haɗari ne da saurin da misalinsa ke faɗo mata, ba da lissafi ba.

Sabo kuma ana gina shi ne mataki-mataki. Ki fara shiga kowane ɗaki da rana, ki zauna, ki yi wani aiki a ciki. Sannan ki zaɓi wanda kika fi tsoro, ki zauna a ciki da almuru na minti 20, kada ki fito sai kin ji bugun zuciya ya fara sauka. In kika fito a tsakiyar tsoro, tsoron kika koya wa jikinki. Mako na gaba ki rage fitila ɗaya, na gaba ki rage wata. Kowane dare ki rubuta abin da kike jin zai faru, da safe ki rubuta abin da ya faru. Bayan wata guda ki karanta littafin daga farko.

Wani abu da ya kamata ki sani tun kafin ya same ki, tunda barcinki ya lalace: dannau. Mutum ya farka ya kasa motsi, ƙirji ya yi nauyi, ya ji kamar akwai wani a ɗakin. A lokacin mafarki jiki yana kashe gaɓoɓi don kada mu aikata abin da muke gani, to wani sa'in hankali yakan riga jiki farkawa. Kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa fuskantarsa, ya fi zuwa wa mai ƙarancin barci da mai kwanciya rigingine, kuma yana wucewa cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna. Ki yi ƙoƙarin motsa ɗan yatsa, ki ci gaba da numfashi.

Idan kin yi wata biyu kina bin waɗannan babu sauyi, ko tsoron ya fara bin ki har da rana, ko dubawar tana cin miki awa guda, ko kuma akwai wani abu da ya taɓa faruwa da ke a baya wanda dare ke dawo miki da shi, to ki ga likita ko masanin halayyar ɗan Adam. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma wannan yana da magani ta hanyar zaman tattaunawa da horon tunani da ɗabi'a. Likita zai kuma duba ko wani abu ne a jiki, kamar yawan aikin ƙululun maƙogwaro da ake kira thyroid, wanda ke sa bugun zuciya da fargaba. Ƙwayoyin barci irin su diazepam kada ki saya da kanki: jiki yana kamuwa da su cikin 'yan makonni, kuma mai kwana shi kaɗai yana buƙatar ya iya farkawa idan na'urar hayaƙi ta yi kuka.

Saƙo ɗaya kuma ga maigida, ki karanta masa. Idan ya kira da dare, ya daina tambayar "kin kulle ƙofa? kin duba ta baya?" Da kyakkyawar niyya yake yi, amma yana ajiye waya ke kuma kin miƙe zagaye na biyu. Ku tsayar da lokaci guda na waya, bayan kin gama zagayenki kin shiga ɗaki, ku yi hirar yadda kuka wuni, ku yi sallama. Kira na ƙarfe biyun dare a bar shi ga sautin da ke tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki.